Ranar da Kwamfutar Baba Na-Keke Ta Yi Shiru

A kamfanin nan da ke sayar da famfo da bututun ruwa, babu wanda ya kai Baba Na-Keke daɗewa, in ban da ginin kansa. Keken rubutu ne ya ja masa sunan. Yana ɗan saurayi ya shigo, lokacin da ofishin bai wuce ɗaki ɗaya da tebura biyu ba. Marigayi mai kamfanin ya zaunar da shi gaban wani baƙin keken rubutu mai nauyin tsiya, ya ce, "Ka iya wannan, ka gama da yunwa." Ya kuwa iya, har ya wuce inda aka zata. Ya kai ga yana bugawa idonsa na kan taga, bakinsa na hira da direbobi, shafi ya fito tas babu gyara. Abin alfaharinsa ke nan a duniya. Bai gina gidan sama ba, bai hau mota tasa ta kansa ba, amma in hira ta yi hira sai ya ɗaga yatsunsa ya ce, "Waɗannan ba su taɓa ba ni kunya ba."

Da kwamfuta ta zo, tsararrakinsa suka yi ta noƙewa, shi kuwa ya ja kujera ya zauna. Abu ɗaya ya ƙi taɓawa, linzamin nan da ake ja a kan tebur. Ya ce wannan na ragwaye ne. Komai da madannai yake yi, buɗe shafi ne, adanawa ce, aikawa firinta ne, duk yatsunsa sun haddace. Mutane suka ce taurin kai ne, kuma gaskiyarsu, taurin kan ne. Sai dai shi ne ya rufa masa asiri daga baya.

Ciwon idonsa da dishi-dishi ya fara, a tsakiyar duk abin da ya kalla, kamar an shafa wa gilashi mai. Ya goge tabarau, ya sake gogewa, ya canza wani. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa ya sulale asibiti shi kaɗai. Likita ya haska masa fitila, sannan ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a lallaɓa sauran. Baba Na-Keke ya yi godiya, ya dawo ofis ya ƙarasa aikin ranar, bai gaya wa kowa ba. Ko matarsa ce mata ya yi jini aka auna masa.

Ba makantar ce ta fi tsorata shi ba, abin da za a yi da shi in aka sani ne. Ya ga yadda ake sallamar tsofaffi. A tara ma'aikata, a yi jawabi, a miƙa wa mutum agogon bango, a raka shi bakin ƙofa da tafi. Daga nan sai zaman gida, mutum yana sauraron faɗan maƙwabta da kukan awaki har Allah ya yi ikonsa. Shi da bai san kansa ba sai a kan kujerar nan, ina zai kai rayuwarsa in aka ɗauke ta? Ya ƙudura a ransa babu mai ji, babu mai gani.

Kuma ya iya ɓoyewa, ko kuwa haka ya ɗauka. Gefen idonsa na gani, yana ganin hasken taga da inuwar mutum a bakin ƙofa, tsakiya ce babu. Sai ya koyi karkata kai in ana masa magana, wai kunne yake bayarwa. Ya daina karɓar rubutun hannu, ya ce rubutun 'yan zamani sai ka ce kaza ce ta bi ta kan takarda, duk mai son aiki ya zo ya faɗa da baki. Ya ɗiga ɗan gam a kan wasu madannai, ya bushe ya yi ƙulu, yatsa na taɓawa ya san inda yake. Da safe ya danna makunni, ya naɗe hannu, ya jira ɗan kiɗan nan da kwamfutar ke yi in ta gama farkawa. Da ya ji shi sai yatsu su kama hanyarsu, babu tambaya babu tsayawa, domin marigayi bai taɓa sa mata kalmar sirri ba. Shekaru suka shuɗe a haka, kwamfutar ta tsufa, shi ma ya tsufa, suna riƙe da juna.

Wadda ke riƙe da kamfanin yanzu 'yar marigayi ce. A cinyar Baba Na-Keke ta fara buga keken rubutu da tafin hannu tana dariya, yau ita ce Manaja. Tana kiransa Baba, shi kuwa a gaban mutane Manaja yake ce mata, in su biyu ne ya ce ɗiyata. Ita ce ta tara su wata safiya a ɗakin taro, ta ce masu manhajar da kwamfutocinsu ke tafiya a kai sun daina kula da tsohuwar, sabuwarsu kuma ta fi ƙarfin injinan ofishin. Ko dai a zubar da injinan a sayo wasu, ko a sa musu wata manhajar daban. Ta zaɓi na biyu. Ta nuna wata mata da ke zaune a gefenta, ta ce Injiniya ce, ita za ta yi aikin.

Injiniya mace ce mai saurin magana, irin mutanen da suka yarda da aikinsu har ba sa lura da fuskar mai sauraro. Ta ce sabuwar manhajar ba ta wani kamfani ɗaya ba ce, a buɗe take, kowa na iya leƙa cikinta ya gyara, ba a neman lasisi, kuma tsofaffin injina na ɗaukarta ba tare da nishi ba. Fayilolinsu duk za su buɗe. Abin da zai canza kawai shi ne fuskar allo da wurin da abubuwa suke.

"Kawai," in ji Baba Na-Keke, ya maimaita kalmar a hankali. "To, Injiniya, abin da kowa ke sa wa hannu, in ya lalace wa za a kama?"

"Ni za ku kama, Baba," ta ce tana dariya.

Kowa ya yi dariya ban da shi. Wurin da abubuwa suke, ai shi ne duk abin da ya rage masa.

Daga ranar ya shiga yaƙi, kuma yaƙin bai yi masa kyau ba. Ya ce abin kyauta ba ya ƙarko. Ya ce ya ji wani kamfani ya yi irin wannan canjin, takardunsu suka ɓace ɓat, da aka tambaye shi wane kamfani ne sai ya ce sunan ya kwanta masa. Ya tare matan sashen lissafi yana zuga su. Mutumin da bai taɓa gulmar kowa ba sai ga shi yana cewa Injiniya ba ta san aikinta ba. Ranar da ta shirya koya wa ma'aikata sabon tsarin, ciwon ciki ya kama shi tun daga gida. Mai Sito, tsaransa kuma abokin tsokanarsa tun suna da baƙin gashi, ya leƙo washegari ya ce, "Na-Keke, wannan ciwon cikin naka ilimi gare shi, har ranar darasi ya sani." Baba ya ce masa ya je ya ƙirga bututunsa.

Aka fara da sito, aka wuce sashen lissafi, aka yi na Manaja. An sha ƙorafi, firinta ta yi gardama na ɗan lokaci, wata takarda ta fito da layuka a karkace, Injiniya ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta daidaita. Tasa aka yi ta ɗagawa. Duk lokacin da Injiniya ta doso teburinsa sai Manaja ta ce a bar ta Baba tukuna, akwai aiki a kanta. Ya ɗauka bakinsa ne ya yi tasiri, har ya fara sakin jiki. Amma injin ɗaya ba ya zama shi kaɗai a tsohon tsari har abada. Injiniya ta ce ta nan ɓarna za ta shigo wa sauran, kuma aikinta ba zai kammala ba sai da shi. A ƙarshen wani mako, ba ya nan, aka yi.

Ya shigo ranar Litinin ya tarar da komai a inda ya bar shi, kujera, kofin shayi, madannai da ƙulullukan gam ɗinsu. Ya danna makunni, ya naɗe hannu. Fankar injin ta tashi. Ya jira kiɗan, kiɗa bai zo ba. Ya karkata kai, gefen idonsa ya nuna masa haske a allon, amma ba launin da ya saba ba. Akwai wata 'yar takarda manne a gefen allon, ya shafa ta, ya ji tudun biro a jikinta, ya janye hannu. Ya ci gaba da jira, yana jin 'yan lissafi na gaisawa a baranda.

Yana cikin haka Manaja ta shigo da sauri. Wani babban mai saye na jiran amsa kan famfunan da ya yi oda, kuma direba na tsaye zai tafi da ita. Ta tsaya a bayansa kamar kullum, hannunta a kan kujerarsa.

"Baba, ka shirya?"

Da ya ce a'a, da an tambaye shi dalili. Ya ce, "Faɗi, Manaja."

Ya danna madannan da suka saba buɗe masa shafi, ya ɗora yatsu, ta fara faɗa, ya fara bugawa. Ya buga kamar yadda ya saba, da sauri, da kyau, kafaɗa a miƙe, ƙarar madannai na cika ɗakin. Da ya ji ba ta tsaya ba, ba ta ce komai ba, sai ya fara samun natsuwa. Wataƙila Injiniya ta yi gaskiya, wataƙila ba abin da ya canza. Manaja ta kai ƙarshe, ta faɗi gaisuwar rufewa, ta ɗan dafa kafaɗarsa.

"Madalla, Baba. Bar shi haka, zan fitar daga wajena."

Injiniya ce ta shigo a daidai lokacin, da jakarta a kafaɗa, ta zo ganin yadda injin ƙarshe ya kwana. Ta dubi allon, ta yi 'yar dariya irin ta wanda bai san dawan garin ba.

"Af, Baba, ai ba ka shiga ba tukuna. Kalmar sirri yake nema. Ga ta nan na manna maka a gefe, da manyan baƙaƙe ma na rubuta. Duk abin da ka buga a ɗan akwatin nan ya tafi, ɗigo-ɗigo kawai yake ta yi yana gogewa."

Ta dubi takardar, ta dubi fuskarsa da ke karkace tana kallon gefenta, ta dubi ƙulullukan gam ɗin. Dariyar ta mutu a bakinta. Manaja ta ce mata a hankali, "Zo mu je ofishina," suka fita, aka ja ƙofa.

Kunyar da ta rufe shi ba ta da misali, amma ba ita ce ta zaunar da shi daskare ba. Wani tunani ne ya zo daga baya, a hankali, ya fi kunyar ciwo. Manaja a bayansa take tsaye tun daga farko har ƙarshe. Allon a gabanta yake. Ta ga babu shafi, ta ga ɗigon na cika suna gogewa, ba ta yi mamaki ba, ba ta tambaya ba. Ta ci gaba da faɗa har gaisuwar rufewa, ta ce madalla.

Ya tashi ya bi bango ya gangara sito. Mai Sito na zaune a kan wani kwali, ya ji takunsa ya matsa masa wuri. Baba bai zauna ba.

"Tun yaushe?" ya ce.

Mai Sito bai yi kamar bai gane ba. "Tun shekarar da ka gaida rigar ruwan direba da ke rataye a ƙusa, ka tambaye ta iyali."

"Su wa suka sani?"

"Ka ce su wa ba su sani ba. Injiniya ce kaɗai, ita ma baƙuwa ce, kuma Manaja ta kasa gaya mata don kada ya zama an yi da kai. Kana tsammanin mai shara son kofinka take da take mayar da shi daidai inda ta ɗauka? Wa ya hana a ajiye kwali a baranda? Injinan nan tun bara ya kamata a canza su, yarinyar nan ta yi ta ja saboda kai."

"Aikina fa?" in ji Baba. "Shafukan da nake bugawa?"

Nan Mai Sito ya ajiye tsokana. Ya ce, "Yawanci lafiya lau suke. Wani lokaci hannunka na hagu ya kan goce, layi ya rikice. Tana bi ta gyara kafin a fitar. Ba wani abu ba ne, Na-Keke."

Ba wani abu ba ne. Shekaru yana ɗaga yatsu a gaban yaran nan yana cewa ba su taɓa ba shi kunya ba, suna gyaɗa kai. Ya ɗauka shi ke riƙe da sirri, ashe shi kaɗai ne a ginin aka ɓoye wa gaskiya. Ya ji haushinsu, ya ji haushin kansa da ya ji haushinsu, domin ya san ƙauna ce ta sa. Da korarsa suka yi, da ya san da wa zai yi fushi.

Bai jira tashi ba, ya tafi gida da rana tsaka. Matarsa na shanya a tsakar gida, ta ga shigowarsa ta saki zanin da ke hannunta. Ya zauna a bakin ƙofar ɗaki, ya ce, "Innar yara, idona ya tafi."

Ta zo ta zauna kusa da shi. "Na sani, Malam."

"Ke ma?"

"Ni da nake jera maka takalmi? Jira nake ka faɗa. Na gaji da jiran, wallahi, amma na ga abin da kake tsoro." Ta share ido da bakin mayafi. "Ka san wahalar da ke cikin mutum ya ga mijinsa na laluben cokali, ya kau da kai kamar bai gani ba?"

Sai a lokacin ya gane ba shi kaɗai ya ɗauki kayan nan ba, ya ɗora wa kowa ne ba tare da ya tambaye su ba. Abincin da ta kawo masa ya huce a gabansa.

Washegari ya yi niyyar ƙin zuwa, amma ƙafafunsa ba su san wata hanya ba. Ya tarar da Injiniya na jiransa a teburinsa, saurin bakin nan duk ya tafi. Ta ce ya yafe mata, ya ce ba ta yi masa komai ba, ita kaɗai ce ma ta gaya masa gaskiya. Ta ce da ta sani da tun farko ta tsara masa. Wannan manhajar ana juya ta yadda ake so. Ta mayar masa da kiɗan farkawa, ta koya wa yatsunsa kalmar sirrin don kada ya buƙaci ido, ta daidaita madannan su buɗe abin da suka saba buɗewa.

"In ka so a tsaya nan, Baba, komai zai koma kamar da," ta ce. "Amma akwai wani abu kuma. Akwai murya a ciki, tana karanta wa mutum duk abin da ya buga. Sai dai ba ta da kara, yadda ka buga haka za ta faɗa."

Kamar da. Ya juya maganar a ransa. Kamar da yana nufin ya buga, a ce madalla, a kai wani ɗaki a gyara. Manaja na tsaye a bakin ƙofa, ya ga inuwarta da gefen ido, ta kasa shigowa ta kasa tafiya.

"Ɗiyata," ya ce, bai damu da akwai baƙuwa ba. "Aikina kike so, ko tausayina kike ji?"

Da ta amsa da sauri da ya san ƙarya ce. Sai da ta auna maganar sannan ta ce, "Duka biyun, Baba. Ban san inda ɗaya ya tsaya ba."

Ya gyaɗa kai. Amsar ta yi masa zafi, amma aƙalla tasa ce, ba a gyara masa ita ba. Ya ce wa Injiniya ta kunna muryar. Ta miƙo masa abin sawa a kunne don shi kaɗai ya ji, ya ture hannunta, ya ce a bar ta ta fito fili, ai babu sauran wanda za a ɓoye wa.

Manaja ta matso ta faɗi amsar jiya, wadda ta riga ta tafi da direba tun jiyan, duk sun sani, babu wanda ya ce komai. Ya buga. Da ya gama Injiniya ta nuna wa yatsansa inda zai danna. Wata murya ta inji, busasshiya, mai tauna kalmomi, ta fara karantawa. Layin farko lafiya, na biyu lafiya. A na gaba sai ta shiga furta wasu tarkacen sautuka marasa kai da gindi, ta yi ta yi har ƙarshen layin, ba kunya ba tsoro, a gaban Manaja da Injiniya da Mai Sito da ya zo ya tsaya a taga. Hannun hagu ne ya goce. Baba Na-Keke ya saurari kuskurensa da kunnensa, fuskarsa ta yi nauyi, yatsun da ya yi shekaru yana ɗagawa suka kwanta a cinyarsa.

Manaja ta sunkuyo, hannunta ya miƙe zuwa madannai tun kafin ta yi tunani, kamar yadda ya saba. Ya ji motsin hannun, ya kama wuyan hannun nata a hankali ya mayar mata.

"Bar shi, ɗiyata. Nawa ne."

Ya lalubi ƙulun gam ɗin da ɗan yatsa, ya koma farkon layin, ya fara gogewa baƙi bayan baƙi, muryar na faɗa masa kowanne da ya cire. Aikin da da yake gamawa kafin shayi ya huce ya ɗauke shi har rana ta ɗaga. Babu wanda ya ce madalla, kuma babu wanda ya bar ɗakin.